Tangaraho da Masu Makulli: Sake Karanta Hausaland Divided

Na fara karanta Hausaland Divided ne a watan Agustan 2023, a makonnin da manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, Yamai kuma na kwana a duhu saboda Najeriya ta yanke mata wutar lantarki. Littafin kusan sa'ana ne, domin a 1994 maɗaba'ar Jami'ar Cornell ta buga shi, lokacin ko firamare ban shiga ba. Na ɗauko shi ne da niyyar in gane abin da nake ji a rediyo kowace safiya. Na ƙaru da abubuwa da dama, amma abin da na je nema ban same shi ba, kuma na daɗe ina tunanin dalili.

Marubucin, William F. S. Miles, Ba'amurke ne, malamin kimiyyar siyasa. Ya fara zuwa ƙasar Hausa a ƙarshen shekarun 1970 a matsayin ɗan sa-kai na Peace Corps, ya koyar da Turanci a Magarya ta jihar Damagaram, a can ya iya Hausa. A shekarun 1980 ya dawo da rigar bincike, ya zaɓi garuruwa biyu masu maƙwabtaka: 'Yardaje a yankin Zangon Daura ta Najeriya, da Yekuwa a yankin Magarya ta Nijar. Mutum na iya tashi da safe a ɗaya ya ci abincin rana a ɗayan, da ƙafa. Harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, geron da suke shukawa ɗaya, ruwan da ke saukar musu ɗaya. Tambayar Miles ita ce: tunda komai nasu ɗaya ne ban da layin da Ingila da Faransa suka ja a tsakaninsu, me wannan layi ya yi musu?

Ni sana'ata tsara manhaja ce, kuma da na ga wannan tsari sai na yi murmushi, don na san shi. A wurin aikinmu idan muka yi gardama kan wane fasalin shafi ne zai fi jan mutane, ba ma tsayawa musu. Mukan raba masu amfani da manhajar gida biyu, a nuna wa rabi fasali na farko, rabi na biyu, bayan mako biyu a ƙirga. Gwajin A da B muke ce masa. Miles ya ɗauki 'Yardaje a matsayin A, Yekuwa B, ya ce tarihi ya riga ya gudanar masa da gwajin tun shekaru tamanin, shi nasa karanta sakamako ne. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce ta sa littafin ya fi yawancin rubuce-rubucen jami'a daɗin karatu: babi-babi yana bi ta sarauta, dukiya, makaranta, addini, yana ajiye garuruwan biyu gefe da gefe.

Kafin in taɓa inda tsarin ya gaza, dole in ba shi haƙƙinsa, domin ya rushe mini wata magana da na taso ina maimaitawa ba tare da tunani ba. Mun saba cewa iyakar nan ta bogi ce, Turawa ne suka zana a takarda, mu dai Hausa ɗaya ce. Miles ya je ya zauna, ya tambayi mutane, ya dawo da labarin cewa manomin Yekuwa ya san shi ɗan Nijar ne, na 'Yardaje ya san shi ɗan Najeriya ne, kuma kowannensu yana da abin da yake faɗa game da halin ɗayan. Layin da aka fara da wasa ya yi saiwa. Duk wanda ya taɓa kwana a Maraɗi ya san haka ko bai karanta littafi ba. Yaronsu lakwal yake zuwa, namu makarantar boko. Su duwan ke tare su a hanya, mu kwastan. Kakanninsu sun sha wuya a hannun kumandan, namu sun san di'o daga nesa, wanda suka sani kusa shi ne ɗan doka da alƙalin sarki. Ingila ta bar wa sarakuna kotu da baitulmali da kurkuku, Faransa ta mai da nata sarakunan 'yan aiken kumandan, masu tara haraji da ƙartin aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas ɗin. A waɗannan shekaru iyalai da yawa sun kwashe kayansu cikin dare sun tsallako kudu. Wato tun farko talaka ya gane layin abu ne da za a iya amfani da shi, ba abin kuka kawai ba.

Yadda aka ja layin ma labari ne da ya kamata a riƙa koya wa yara, don abin dariya da takaici da ke ciki. A 1890 Ingila da Faransa suka amince a kan layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, alhali babu ɗayansu da ke mulkin ko taƙi ɗaya na ƙasar. A 1898 aka sake zama, aka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga Kwara zuwa Damagaram sai suka tarar an tura su cikin hamada, babu rijiyoyin da ayari zai sha. Suka yi ta ƙorafi har 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka yi babban sulhunsu. A cikin cinikin, Faransa ta saki tsohon haƙƙinta a gaɓar kamun kifi ta Newfoundland, can gefen Kanada, Ingila kuma ta matsar mata da layin nan zuwa kudu. Ta haka Birnin Ƙonni da Maraɗi suka tabbata a hannun Faransa. Kifin da babu Bahaushen da ya taɓa ɗanɗana shi yana cikin abin da ya sa Bamaraɗe yau yake riƙe da fasfo daban da na Bakatsine. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suka kafa alamomi 148 a tsawon kusan kilomita 1,500. Mutanen yankin Daura suna kiran ƙarafan iyakar tangaraho, saboda kamarsu da turakun wayar tangaraho, kuma Miles ya ɗauki kalmar ya sa ta a kan babinsa na ƙarshe.

To, ga inda mai manhaja zai fara ɗaga gira. Gwajin A da B yana da sharuɗɗa, kuma idan aka karya su sakamakon na iya zama gaskiya amma dalilin da aka jingina masa ya zama kuskure. Ana so gida biyun su kasance iri ɗaya kafin a fara. A nan Miles ya yi zaɓe na hankali, domin 'Yardaje da Yekuwa duk ƙasar Daura ce ta dā, yankin da sarakunan Haɓe suka fake bayan jihadi ya fitar da su daga birni, kafin su kafu a Zango ƙarƙashin inuwar Damagaram. Matsalar tana tasowa ne daga sunan littafin, wanda ya yi alkawarin ƙasar Hausa gaba ɗaya. Tsakanin Katsina da Maraɗi ba Bature ne ya fara raba gari ba. Zuriyar sarakunan Katsina da jihadi ya kora su ne suka kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, kuma kusan ƙarni guda suna kai wa daular Sakkwato hari tana kai musu. Akwai daji a tsakani da matafiyi ba ya ratsawa shi kaɗai. Idan yau aka ga bambanci tsakanin Maraɗi da Katsina wajen bori ko matsayin malamai, wane kaso ne na Faransa, wane ne na Ɗan Kasawa da magadansa? Garuruwa biyu na ƙasar Daura ba za su iya amsa wannan ba.

Ana kuma so kada gida biyun su cuɗanya lokacin gwaji. Wannan sharaɗi kam ranar kasuwa kaɗai ta isa ta kashe shi. A suna auren B, B suna cin rani a garuruwan A, rediyon Kaduna ba ya tsayawa a tangaraho, naira kuma ta daɗe tana yawo a kasuwannin kudancin Nijar kamar kuɗin gida. Miles ya san da wannan, bai ɓoye ba, kuma ana iya cewa hakan ƙara wa hujjarsa ƙarfi yake yi: duk da cuɗanyar, bambancin bai goge ba. Na yarda da shi a nan.

Inda ban yarda ba shi ne sharaɗi mafi nauyi: abu ɗaya tak ake canzawa, sauran a bar su yadda suke. Lokacin da Miles yake zaune a 'Yardaje a 1983, Najeriya tana tsakiyar hayaniyar zaɓen Jamhuriya ta Biyu, jam'iyyu na zagin juna a lasifika, kuɗin mai bai gama ƙarewa ba. Yekuwa kuwa tana shekara ta tara ƙarƙashin Seyni Kountché, sojan da ko sunansa ba a ambata da ƙarfi. Idan mutumin Yekuwa ya fi tsoron hukuma, ya fi saurin cire hula gaban mai kaki, tarbiyyar kumandan ce ta shekaru sittin da suka wuce, ko kuwa jandarman Kountché ne da ke bakin kasuwa a ranar? Amsar littafin ita ce na biyun gadon na farko ne, mulkin mallaka ya ci gaba da sabuwar riga. Akwai gaskiya a ciki. Amma amsa ce da ke iya haɗiye kowace hujja, domin duk abin da gwamnatin 'yan ƙasa ta aikata sai a ce gado ne. Hujjar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, a wurin aikinmu ba ma sakin jiki da ita.

Daga nan ne na gane abin da na rasa a Agustan 2023. Littafin ya ɗauki iyaka a matsayin layi, abu tsayayye da aka kafa a 1908 yana ta aiki a hankali kamar gishiri a miya. Amma ƙarfen tangaraho bai taɓa tsayar da kowa ba, akuya ma tana soshe jikinta da shi ta wuce. Abin da ke tsayar da mutum umarni ne da wani ya sa wa hannu a Legas ko Abuja, kuma wannan umarni yana da nasa tarihin, da ranakunsa, da sunayen masu shi. Ba cewa nake Miles bai san da shi ba, yana yankin a shekarun da aka fi tsananta shi. Tsarin garuruwa biyu ne ba shi da wurin ajiye shi, domin abin da ke faɗo wa A da B tare a rana ɗaya ba ya fitowa a teburin kwatance.

Shekaru ashirin na farkon 'yancin kai, Najeriya ba ta damu da iyakarta ta arewa ba sosai. An cire sashen shige da fice daga hannun 'yan sanda a 1958, aka yi masa doka a 1963, zamanin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da shekaru talatin kafin nan ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da ya ratsa Sahara babu wanda ya tambaye shi takarda, tunda a cikin ayarin fatake aka tafi da shi. Diori Hamani ya tsaya wa gwamnatin tarayya a yaƙin basasa, aka kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu a 1971, aka kafa ECOWAS a Legas a 1975, sannan a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 babu biza. Kuɗin mai na zuba, ana neman leburori da malaman makaranta da masu gadi, babu mai tambayar inda aka binne cibiyar kowa.

Abin ya fara juyawa ne daga cikin gida, kuma da ɗan ƙasa aka fara. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Cadi bisa takardar da ministan cikin gida Bello Maitama Yusuf ya sa wa hannu, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Hujjar ita ce asalin mahaifinsa. Babbar kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da ƙasarsa ta wajen mahaifiyarsa, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan hukuncin. Shugaba ya dawo gida, amma an riga an gwada makamin an ga yana da kaifi: a arewa, inda kusan kowane gida ke da kaka daga Damagaram ko Adar ko Bagarmi, kalmar baƙo riga ce da za a iya ɗinka wa duk wanda ya dame ka.

Tsarin mulkinmu ma bai taimaka ba. Na 1979 da na 1999 duk sun rataya zama ɗan ƙasa na haihuwa, ga waɗanda aka haifa kafin 'yancin kai, a kan cewa iyaye ko kakanni su kasance daga al'ummar da ke da asali a Najeriya. Ga mai rubuta manhaja wannan mummunan ma'auni ne, domin ba ya rarrabe abin da aka sa shi ya rarrabe. Hausawa al'umma ce mai asali a Najeriya, haka Kanuri, haka Fulani. Bahaushen Tasawa da Bahaushen Kazaure duk sun ci wannan rabin jarrabawar. Abin da ya rage shi ne inda aka haifi kaka, a zamanin da babu mai rubuta haihuwa. Dokar da ba ta iya yanke hukunci da kanta, jami'in da ke bakin shinge ne zai yanke mata, shi kuma yana da nasa farashin.

A Disamban 1980 aka yi rikicin Maitatsine a Kano, inda alƙaluman hukuma suka ce mutum 4,177 sun mutu. Muhammadu Marwa mutumin arewacin Kamaru ne, an taɓa korar sa daga Kano a farkon shekarun 1960 ya dawo. Wannan ya ba da damar a ce bala'in daga waje ya zo, duk da cewa gardawan da suka bi shi akasarinsu 'ya'yan ƙauyukanmu ne da birni ya ƙi karɓa. Farashin mai ya faɗi, masana'antu suka fara sallamar ma'aikata, zaɓe na matsowa. Ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. Hotunan da duniya ta gani na tashar jirgin ruwan Apapa ne da kan iyakar Seme, kuma jakar leda mai ratsi-ratsi ta samu sunan da har yau muke kiran ta da shi. Wannan suna ya yi wa tarihin illa, don ya mai da shi rigimar Legas da Ankara, ramuwar gayya kan korar da gwamnatin Busia ta yi a Nuwamban 1969, wadda ta kwashe Yarbawa da Hausawan zango da dama daga Ghana. Ɗaya rabin fa? A cikinsu akwai 'yan Nijar da Cadi da Kamaru masu ɗimbin yawa, masu ga-ruwa da masu gadi da masu yankan farce, waɗanda suka bi ta Kwangwalam da Jibiya da Gamboru babu mai ɗaukar su hoto. Ba a sa wa kowace jaka sunansu ba.

Sai Afrilun 1984. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe dukkan iyakokin ƙasa don kada kuɗin da ke waje su dawo. Canjin kuɗin ya ƙare cikin kwanaki, iyakar kuwa ta zauna a rufe har Maris na 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki, kuma a tsakani an sake korar baƙi kimanin 700,000 a watan Mayun 1985. Daminar 1984 ita ce mafi muni da Sahel ta gani cikin shekaru masu yawa. Mutanen kudancin Nijar, waɗanda tun kakanni idan gero ya ƙi sukan gangaro Kano da Katsina su yi dako su sayi hatsi su koma, suka tarar da ƙofa a kulle, nairar da suka adana kuma ta zama takardar banza. Hausawa sukan raɗa wa kowace yunwa suna. Wannan suka sa mata El Buhari. Mutumin Daura ne, garin da ke da tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga garuruwan da Miles ya zauna. Babu Tilho a wannan labari, babu O'Shee.

Babin littafin da ya fi tsufa shi ne na tattalin arziki, wanda aka gina a kan kalmomi biyu, arziki da talauci, na farko a kudu da layi, na biyu a arewa. A lokacin da ya yi bincikensa haka abin yake: a farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma. Amma a Satumban 1986 aka fara karya darajarta, a Janairun 1994, shekarar da littafin ya fito, aka raba darajar sefa biyu, a Yunin 2023 aka sake sakin naira, har ta kai jaka ɗaya ta sefa tana haura naira 2,000. Man fetur da aka shekara arba'in ana ɗauka a jarka zuwa arewa ya canza lissafi bayan buɗe matatar Damagaram a 2011 da cire tallafi a Najeriya a 2023. Nijar ba ta zama mai arziki ba, kada a fahimce ni a karkace. Abin da nake nufi shi ne wanda ke cin ribar layin yana sauyawa da sa hannun gwamnan babban banki, kuma ɗan kasuwar Maigatari ya fi kowane farfesa sanin ranar da ya sauya.

Abin da ya faru bayan fitowar littafin ba laifin marubuci ba ne, amma shi ne ma'aunin da mai karatu na yau zai auna shi da shi. A ranar 7 ga Yulin 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, a birnin Yamai. Ranar 20 ga Agusta ya rufe iyakokin ƙasa saboda shinkafa, suka zauna haka har Disamban 2020. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A duba wannan da kyau: layin da Turawa suka ja ba shi da faɗi, gwamnatinmu ce ta yi masa faɗin kilomita 20 zuwa cikin ƙasarta, ta mai da 'yan Najeriya na Jibiya da Illela da Maigatari rabin baƙi a gidajensu. Wata biyu bayan buɗe iyakar, a Fabrairun 2021, gwamnatin nan dai ta aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin ECOWAS, da rufewar da ta kai Maris na 2024, da ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025, wanda ya bar yarjejeniyar 1979 tana rataye a kan alfarmar gwamnatoci. Wanda ya karanta Miles kaɗai zai san dalilin da ya sa mutumin Yekuwa ya bambanta da na 'Yardaje. Ba zai san dalilin da ya sa ranar Talata ya kai wa 'yarsa gara, ranar Laraba soja ya mai da shi daga hanya ba.

Ina ganin mu ma marubutan Hausa mun faɗa irin wannan rami, ta wata ƙofar. Miles ya ce layin Turawa ya yi tasiri, mu muna cewa layin Turawa zalunci ne, amma duk mun tsaya a kan Turawa. Wuri ne mai daɗin tsayawa, tunda waɗanda ake zargi sun mutu kuma ba su da dangi a unguwa. A littattafan soyayya da na taso ina karɓa haya, Nijar wuri ne da kyakkyawar Buzuwa ke fitowa, ko inda uwar gida ke aikawa a sayo mata haɗi, ko inda ake kai jarumi idan marubuciya tana so ya ɓace na babi goma. Motar takan tashi daga Kano ta sauka Damagaram a cikin jimla ɗaya. Shingayen da ke hanya, da jami'in da ke karɓar katin mutum ya sa a aljihu har sai an ga abin da ya sawwaƙa, da matar da ke ƙoƙarin tuna sunan mai unguwar garin da za ta ce nan aka haife ta, duk suna faɗawa cikin wannan jimla ɗaya su nutse. Alhali a nan labarin yake.

Na taɓa yi wa wata ƙungiya manhajar rajistar manoma a wasu ƙananan hukumomin bakin iyaka, don rabon taki. Fom ɗin da aka ba ni yana da gurbin ƙasa, da jiha, da ƙaramar hukuma, duka dole a cike. Idan aka zaɓi wata ƙasa ba Najeriya ba, shafin ya rufe. Ni na rubuta wannan sharaɗi da hannuna, layi uku ne, ban yi tunanin minti ɗaya a kansa ba. A mako na farko wani ma'aikacinmu ya kira ni daga ƙauye, ya ce, "Injiniya, ga wata baba nan, a hayin can aka haife ta, shekararta talatin da aure a nan, mijin ya rasu, gonar tana hannunta, 'ya'yanta duk sun yi zaɓe. Me zan danna?" Na san amsar doka: sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman rajistar zama 'yar ƙasa, takardar kuma sai ta bi ta Abuja. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe in tambayi masu aikin.

Kafin goben ta yi shi da abokan aikinsa sun warware matsalar ba tare da ni ba. Da aka gama rajista na buɗe rumbun bayanan don haɗa rahoto, na tace gurbin ƙasa. A ƙananan hukumomin da wasu gonakinsu ke ƙarewa a gindin tangaraho, manhajata ta nuna babu baƙo ko ɗaya. Haka na tura rahoton, haka aka karɓa.